Inda Muka Kai a Zanen Kura

'Yan'uwa masu koyon zanen katun, wannan karon kura muka sa a gaba, domin surarta ta riga ta ba mu abin kamawa: ƙafafun gaba sun fi na baya tsawo, gadon baya ya gangara zuwa wutsiya, ga wuya kakkaura. Namu kawai ƙara gishiri.

Kai shi ne ma'auni. Ku fara da da'irarsa da fensir HB, wato mai matsakaicin tauri, ba tare da danna hannu ba, sannan ku auna komai da ita. Da'irar ƙirji ta kai girman kai ɗaya da rabi, ta ƙugu kuwa kada ta wuce rabin kai. Ƙafar gaba kai biyu, ta baya ɗaya da kwata. Idan kun haɗa da'irorin da layi, gangaren bayan zai fito da kansa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne son ƙara wa komai girma. An kumbura kai, an kumbura ido, kunne da tafin ƙafa ma haka, sai a tashi da babbar dabba wadda ba abin da ya fita daban a jikinta. Ido ba ya gane girma sai da ƙarami a kusa. Ƙirjin nan ba zai yi kwarjini ba sai ƙugu ya tsuke, haka muƙamuƙi ba zai yi nauyi ba sai idanu sun zama 'yan mitsi-mitsi.

Kunne kuwa a bar shi zagayayye in kura mai dabbare-dabbare ake nufi. Da ya yi tsini ta koma kare.

In 'yar jaririyar kura kuke so, lissafin ya juya. Tsayinta duka kai biyu zuwa biyu da rabi, goshi ya yi faɗi, idanu su sauko ƙasa da tsakiyar fuska, baki ya gajarce.

Akwai kuma maganar nauyi. Ku ja layi daga kafaɗa ya sauka tsaye zuwa ƙasa. Idan ƙafafun gaba sun ja da baya sun bar layin, za ta yi kamar za ta kifa, sai ku matso da su gaba, ku faɗaɗa tafin.

Kafin a bi layi da tawada, ku kwafi zanen a wata takarda ku cike shi da baƙar maka, wato alƙalamin tawada mai kaurin baki. Ku nuna wa yaro inuwar. In ya ce kare ne, a ƙara ɗaga kafaɗa, a ƙara sauke ƙugu. Gaba raƙumi za mu taɓa, ku fara lura da lanƙwasar wuyansa da faɗin tafinsa.