Dutsen da na tara a jijiyar zuciyata

Ɗan ƙanwata ya biyo gidana a Bukoki da kwalin maganin tansiyo da bai ko ɓare ba, ga sigari a ɗaya aljihun. Shekarunsa 36. Da na yi masa magana sai ya ce: "Kawu, ni fa ba na jin komai. Ko jijiyar zuciya ta toshe ma, ba balan-balan ake sa wa ba, kamar yadda aka yi maka?" Na kwana da maganar nan a raina.

Ina kusa da shekarunsa aka fara auna ni a Tawa, aka ce jinina ya hau, in riƙa shan ƙwaya kullum. Lokacin ina fataucin albasar Galmi zuwa Abijan. Na sha na ɗan lokaci, ciwon kai ya tafi, na ajiye. Allah ya sani ba taurin kai kaɗai ba ne: mutum yana kan hanya, ga yara a lakwal, ga iyaye a ƙauye, wa zai zuba kuɗi a farmasi don ciwon da ba ya ji? Amma kuɗin taba bai taɓa gagara ta ba, shayi kuwa sai na ga ƙarshen na uku da sukarinsa. Da ciwon sukari ya biyo baya, jiƙo na koma sha. Har gobe ina cewa babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini abin da ke faruwa cikin jikina. Wataƙila an faɗa, ban saurara ba.

Jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ba su wuce faɗin milimita 3 zuwa 4 ba. Hawan jini da sukari da hayaƙin taba suna cin bangonsu a hankali, kitse ya maƙale, shekaru su wuce, kalsiyam ya zauna a kai ya daskare, kamar farin dutsen da ruwan rijiya ke bari a gindin buta. Ban ji komai ba sai ran da ƙirji ya fara danne ni ina tafiya masallaci.

Daga Yamai aka tura ni Tunis, na sayar da fili. An zura siririn tiyo ta wuyan hannuna har bakin zuciya, idona biyu. Aikin balan-balan, wato hura ɗan balan-balan cikin jijiyar zuciya da ta toshe don ya buɗe ta, ba sabo ba ne, tun 1977 Andreas Grüntzig ya fara shi a Zurich. Amma nawa wurin ya ƙi buɗewa, balan-balan ya kumbura ta gefe biyu, tsakiya a ɗaure. Likitan ya ce hoton da ake ɗauka daga waje inuwar hanyar jini kawai yake nunawa, sai ya tura wata ƴar na'ura cikin jijiyar kanta, mai ɗaukar hoto da sauti irin ekon mata masu ciki. Nan ya ga dutsen ya kusa zagaye jijiyar. In aka dasa ragar ƙarfen nan da suke kira sitent a kan dutsen da bai tsage ba, ba za ta buɗe sosai ba, jini na iya daskarewa a ciki ko wurin ya sake tsukewa. Ya sa balan-balan mai ƴan reza a jiki ya tsaga dutsen, ya bi da wani mai jure matsi, ya dasa ragar, ya sake leƙawa ya tabbatar ta manne. Wasu mutanen sai an fafe musu dutsen da kan lu'u-lu'u mai juyawa, wasu a fasa da bugun sauti. Dutsen kuma ba fitar da shi aka yi ba, yana nan, an dai matsa shi gefe. Yau ina shan asfirin da maganin kitse da na tansiyo da na sukari, sun fi ƙwaya ɗayar da na guje wa yawa.

Na yi niyyar jera muku shawarwari da yawa, amma biyu suka rage. Ku jefar da tabar nan. In an rubuta muku maganin tansiyo, ku sha ko kuna jin ƙarfi. Matasan yanzu kuna kwana a fada, kuna da kuɗin kiredi da shisha, amma auna jini da ba ya cin minti biyar ya gagare ku, sai abin da wani ya turo a WhatsApp. Kada ku dogara da balan-balan, ba kowa ke da filin sayarwa ba. Amma in ƙirji ya danne ku, ciwon ya gangara hannun hagu ko muƙamuƙi da zufa, kada ku tsaya lissafin kuɗi ko jiran gari ya waye, ku nufi asibiti nan take, in an ce a sa balan-balan ku yarda a sa.