Tayil a Banɗakin Tsohon Gida

Tsohon gida, irin na GRA ta Kaduna ko Zariya, bangonsa ba ya cika miƙewa daidai. Shi ya sa babban tayil mai santimita 60x60 ke tona asirin karkatar, gefensa ya ɗago. Ɗauki 20x20, fari ko ruwan madara, ya fi dacewa da tsoffin tagogi da ƙofofin katako.

Na ƙasa kuwa, a guji mai sheƙi. Santsinsa da sabulu haɗari ne, musamman ga tsofaffi.

Kafin mai tayil ya fara, a ƙwanƙwasa filastar. Inda ta yi ƙarar rami, a kankare ta, domin tayil zai faɗo tare da ita. A ba ƙasa gangaren santimita 2 kowace mita zuwa magudana. A ƙara kwali ɗaya kan kowane goma saboda yanka da fashewa.