Takardar aiki a shagon kafinta na gado

Wurin mahaifina na koyi kafinta, kuma shekarata ta farko bai bar ni na taɓa zarto ba. Gugar katako kawai, har tafin hannuna ya yi kanta. Yakan ƙwanƙwasa katako da yatsa ya ce in saurara: busasshe yana amsawa tangaran, ɗanye kuwa sautinsa a toshe yake. Har gobe ba ma yanka katako sai ya yi watanni yana shan iska a inuwa, kuma ƙafar kujera rami muke fafe mata ta zauna daram da gam, ba ma dogara da ƙusa. Masu kwaikwayon aikinmu ɗanye suke yankawa su lulluɓe da fenti, kafin shekara kujera ta fara rawa, amma mai saye ya zo yana ce mana namu ya yi tsada.

Abin da Baba bai koya mini ba shi ne riƙon ma'aikata. A zamaninsa duk dangi ne, ba albashi tsayayye, sai abin da aka miƙo maka. Da shago ya dawo hannuna, ɗan yayata ya riƙa zuwa a makare, ni kuma ina jin nauyin mahaifiyarsa. Akwai wani yaro bare da ya fi kowa hannu, yana ganin komai. Rannan ya tattara ya koma wurin masu kwaikwayon nan da duk abin da muka koya masa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Daga nan na rubuta wa kowa takarda, har ƙanena: aikinsa, albashinsa, ranar biya, ranar hutu, da wanda zai biya magani idan zarto ya yanke shi. Lokacin aiki awa 8 a rana, 48 a mako, ma'aunin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta kafa tun 1919. Ɗan koyo kuma ya san matakan da zai bi kafin a yaye shi.

Yayata ta yi fushi, ta ce na mai da ɗanta bare. Na kai mata littafin da kowa ke sa hannu da safe, ta ga sunana a layin farko. Yanzu ɗan nata ne ke buɗe shago, shi kuma na damƙa wa zaɓen katako.