Yawon bazara a bakin fadamar Argungu

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. Yawancin baƙi don bikin kamun kifi suke zuwa, wanda aka fara tun 1934, ni kuwa tsuntsaye suka kai ni, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan sa mutum ya rasa inda zai sa kansa.

Bayan sallar asuba muka fita da wani dattijo masunci, makwabcin mai masaukina. Muka bar gonakin shinkafar rani a hagu, muka shiga cikin itatuwan da ke bin gefen fadama. Masu cewa daji ya mutu a bazara ba su shige shi da sassafe ba. Tsamiya ta fara sabon toho, ɗorawa na rataye da 'ya'ya, gawo kuma yana nan kore shar, shi da sai damina ta sauka yake kaɗe ganyensa. Kurciya da hasbiya ba a ma lissafa su. Cilakowa biyu suka gifta mu da tashinsu na hawa da sauka, wata fakara ta fashe daga ƙarƙashin kalgo har gabana ya faɗi, Baba yana ta yi mini dariya.

Wurin da na fi daɗewa shi ne inda wani garken Fulani ke kiwo kusa da ruwa. Ban da balbela, akwai wasu 'yan tsuntsaye masu rawayan ciki, suna ta kaɗa jela a tsakanin ƙafafun shanu suna cafke ƙwari. Baƙi ne daga Turai. Sanyin can ke koro su, su yi rani tare da mu, kuma a daidai wannan lokaci suke tara kitse don tsallake Sahara su koma. Abin da bai cika tafin hannu ba!

Muna nan sai Baba ya riƙe hannuna. "Tsaya, ɗana, kak ka motsa. Dubi bisa." Shamuwa ce a kan wata kuka, baƙa, cikinta fari, da ƙirare a baki. Ita daga kudancin Afirka take tahowa ta yi sheƙa a nan, wato wasu na haɗa kaya, ita tana sauke nata. "In ka gane ta, gyara kalme," in ji shi, "ruwa na bisa hanya."

Namun daji dai sai a hankali. Kurege ɗaya, wata guza da ta sulale cikin ruwa, da sawun da Baba ya ce na jan biri ne. Ungulu ko ɗaya ban gani ba, har a mahauta da muka biyo ta can. Ya ce masu neman kanta don magani sun ƙarar da ita.

Kafin ƙarfe goma rana ta kore mu, muka nufi kasuwa neman soyayyen kifi.