Tabarmar asibitin Kano da gidan tsofaffin Ingila

Duk ma'aikacin jinyar da ya bar Najeriya ya kama aiki a Ingila, akwai gardamar da ba ta rabuwa da shi: a ina ake rayuwa mai daɗi, can gida ko nan? Wasu abokan aikina tun albashin farko suka rufe babin, suka ce mai kewar gida bai taɓa jiran albashi wata da watanni ba ne. Wasu kuma kullum cikin lissafin ranar komawa suke, wai Bature yana da komai amma ba shi da kowa. Ni na yi aiki a ɗakin mata na wani asibitin gwamnati a Kano, yanzu kuma ina gidan kula da tsofaffi a wani gari a arewacin Ingila, kuma a ganina kowane ɓangare ya yi gaggawar yanke hukunci.

Bari in fara da gida, don shi aka fi yi wa kwalliya idan an yi nisa da shi. Asibitinmu ba ya rabo da jama'a. Mara lafiya ɗaya, masu jinya biyu a bakin gado, wasu sun baje tabarma a gindin darbejiya, ga 'yan dubiya suna ta shigowa da filas ɗin kunu da kular farfesu, kowa da "sannu, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi". Sai mun yi da gaske muke fitar da su idan likita zai zagaya. In aka ce ana neman jini, waya ɗaya za a buga, samarin unguwa su cika a-daidaita-sahu. Na sha ganin kuɗin tiyata sun fito daga karo-karon da liman ya sanar bayan Magariba. Duk wannan gaskiya ne, kuma ina alfahari da shi.

To amma a ɗakin nan dai na ga an kawo mai jego tana zubar da jini, dangi sun cika baranda, kowa na kuka, kowa na laluben aljihu, kuɗin magani da na kayan aiki ba su haɗu ba sai da lokaci ya ƙure. Ba rashin masoya ya kashe ta ba. Tun daga nan ba na iya yin shiru idan mai ƙoshi ya fara wa'azin cewa talaka ya fi kowa kwanciyar hankali. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, lafiya da ilimi da muhalli, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Wanda ya san haka bai kamata ya raina kuɗi ba.

A Ingila kuwa tun 1948 ganin likita da kwanciya asibiti kyauta ne. Gidan tsofaffi ne ba kyauta ba: wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, shi ya sa da yawa sai an sayar da gidansu. Abin da suke samu kuma ba na wasa ba ne. Ɗaki mai ɗumi, banɗaki nasa shi kaɗai, magani a kan lokaci, da safe a tambaye shi me yake so ya ci da rana. A gefen gado akwai maɓallin da zai danna mu zo.

Maɓallin nan ya koya mini abin da ba a koyar da mu a makarantar jinya ba. Akwai wani dattijo, tsohon injiniya, 'ya'yansa suna Ostareliya. A aikin dare sai ya yi ta dannawa. Ka je, ya ce matashin kansa ne ya zame. Ka gyara, ka kama ƙofa, ya ce, a ƙasarku yanzu ƙarfe nawa ne? Ba abin da ya samu matashi, mutum yake so ya tsaya masa ko na minti biyu. Littafin baƙi da ke bakin ƙofa kuwa, sai a yi makonni sunansa bai fito a ciki ba. Abin ya kai har a Janairun 2018 Firaminista Theresa May ta naɗa minista da za ta kula da matsalar kaɗaici, Japan ma ta bi sahu a 2021.

Sai dai in yi musu adalci. 'Ya'yan tsofaffin nan ba mugaye ba ne, akwai masu tuƙin awa uku duk Lahadi don su sha shayi da uwarsu. Neman abinci ne ya warwatsa su, kamar yadda ya kawo ni nan na bar nawa iyayen. Abin da na fahimta shi ne, wani ɓangare na zumuncinmu buƙata ce ke riƙe da shi. Kana zuwa jana'izar maƙwabci don Allah, amma kuma ka san shi ne motarka ta asibiti ranar da matarka za ta haihu da tsakar dare. Idan gwamnati da inshora da fansho suka ɗauke wannan nauyi, sai a wayi gari ba wanda ya zama dole ga wani. Daga nan zumunci sai da niyya, shi kuma a ƙafa yake, ba a tura shi ta banki.

A wani kwas na kula da tsofaffi da aka tura mu, malamar ta kawo binciken Jami'ar Harvard da aka fara a 1938, inda aka bi rayuwar maza 724, ɗaliban jami'a da yaran unguwannin talakawa na Boston, har tsufansu. Abin da ya fi nuna wanda zai kai shekara 80 da lafiya shi ne yadda yake jin daɗin zamansa da mutanensa yana ɗan shekara 50. Ta kuma kawo binciken masana biyu, Daniel Kahneman da Angus Deaton, na 2010, da ya ce a Amurka walwalar yau da kullum tana ƙaruwa da kuɗi har zuwa kusan dala 75,000 a shekara sannan ta tsaya, ko da yake binciken da ya biyo baya ya nuna ga yawancin mutane tana ci gaba da hawa. Na saurara ina tuna hadisin da aka karantar da mu a Islamiyya, cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. A lura, da abincin yini a cikin lissafin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa wani ne daban. Tsofaffin da suka fi ƙarfin zuciya a gidan nan ba lallai su ne waɗanda aka fi ziyarta ba. Akwai wata tsohuwa da ta yi shekaru tana girki a makarantar firamare. Kullum da hantsi sai an kai mata kwandon tawul ta ninke, kuma idan ka ninke naka a karkace sai ta warware ta yi maka faɗa. Ranar da injin wanki ya lalace ba a kawo kwandon ba, ko abincin rana ba ta taɓa ba. Tun 1976 masana halayyar ɗan Adam Ellen Langer da Judith Rodin suka gwada irin wannan a wani gidan tsofaffi a Amurka: waɗanda aka ba wa shuka su riƙa shayarwa da kansu, aka bar musu zaɓi a al'amuransu, sun fi sauran kuzari da walwala. Mutum yana so a kula da shi, amma ya fi so a ce akwai abin da ba zai yiwu ba sai da shi.

Nan ne Goggona ta fi injiniyan nan arziki, duk da ba ta da ko asusun banki. Ita ke wankan jarirai a layinsu, a hannunta ake tara kuɗin adashi, kuma idan aure ya tangaɗa ita ake sa wa a gaba a tafi biko. Har yau ba ta yi ritaya daga komai ba.

Ba zan ɓoye ba, wannan tsari namu akwai masu biyan kuɗinsa, kuma yawanci mata ne. Mai kwana a tabarmar asibiti kusan kullum mace ce, wani lokaci yarinyar da aka ciro daga aji. Mu da ke waje ma muna biya, don wayata ba ta kwana ba saƙon biki ko suna ko kuɗin makaranta.

Yanzu haka muna kan ja-in-ja da Yayana. Ya gina gida a sabuwar unguwa, katanga doguwa, maigadi, ba zaure, yana so a mayar da Baba can ya huta. Na ce masa, Yaya, hutun nan ina ganin irinsa kullum a wurin aiki. A tsohuwar unguwa Baba ne ke raba gardamar fili, shi ake nema waliyyi ranar ɗaurin aure, kuma bayan La'asar dakalinsa ba ya rasa mutum. Shawarata a bar shi inda yake, a canza masa rufin kwano, a sa sola, a haƙa rijiyar burtsatse, ni kuma in ɗauki maganin hawan jininsa duk wata. Yaya ya ce mutane za su ce yana da hali ya bar ubansa a lungu. Baba dai har yanzu ba wanda ya tambaye shi, kuma na ce da Sallah idan na zo, da shi za a yi zaman.