Kwana Huɗu a Maga Tare da Kawuna Mai Auna Iskar Ƙasa

Shekaranjiya na dawo Garwa daga Maga, wani gari mai babban tabki a can arewacin Kamaru, kuma har yanzu taɓon tabkin bai gama fita daga takalmana ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, masanin ƙasa da duwatsu ne wanda ya shafe fiye da shekara talatin yana binciken metan, wata iska mai kama wuta da ƙasa ke fitarwa da kanta, shi ne ya ce in raka shi in riƙa ɗaukar kaya da rubuta alƙaluma, tunda makarantarmu tana hutun ƙarshen shekara.

Daga Garwa zuwa Marwa babu abin faɗi. Bayan mun bar Marwa mun kama hanyar Bogo ne wani jami'i ya tsayar da mu a shinge, ya sa muka sauke komai a tsakiyar rana. Da ya ga ƙananan kwalabe masu murfin roba a jere cikin akwati, sai ya ɗaure fuska ya tambayi abin da za a zuba a ciki. Kawu ya ce iska. Mutumin ya ɗauka raini ne, ya karɓe takardar izininmu ya cusa a aljihu, ya koma inuwa ya zauna. Na san halin tsaro a wannan yanki, ban kuma ga laifin bincike ba, amma daka wa dattijo mai furfura tsawa a gaban jama'a ba ya cikin aikin kowa. Sai da muka yi awa biyu kafin babbansa ya zo ya karanta takardar ya ba mu haƙuri.

A wannan zaman jira, a gindin wata darbejiya, na fara jin tarihin aikin Kawu daga bakinsa. Yana ɗalibi a Yawunde lokacin da tabkin Niyos da ke arewa maso yammacin Kamaru ya yi aman iska a daren 21 ga Agusta 1986, mutane fiye da 1,700 suka mutu tare da dabbobi kusan 3,500. Wannan iskar kabon ce, wadda ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ta gangara kwaruruka ta shaƙe masu barci. Ya ce tun ranar ya kasa daina tambayar kansa me kuma ƙasa ke fitarwa wanda ido ba ya gani, kuma tambayar ce ta kai shi ga metan, iskar da a cikin shekara ashirin take riƙe zafi a sararin samaniya kusan sau 80 fiye da ta kabon. Ta kai shi tabkin Kibu, inda Ruwanda ke zuƙo metan daga ƙarƙashin ruwa tana samar da lantarki, ta kuma kai shi Yanar Dag kusa da Baku a ƙasar Azarbaijan, inda gefen tudu ke ci da wuta dare da rana ba itace ba mai.

Mun isa Maga da almuru. Wani tsohon masunci Bahaushe, wanda ya ce kakanninsa Kabawa ne, shi ya sauke mu a zaurensa, kuma da Kawu ya yi maganar kuɗin ɗaki sai ya ce, "Haba Dakta, baƙo ai rahama ne, kada ka sake faɗin haka." Aka kawo tuwon shinkafa da miyar ɗanyen karfasa. Washegari na ga kashin kifin da ake sayarwa jaka ɗaya ta sefa a bakin ruwa, na tabbata a kasuwarmu ta Garwa ba za a ba ni shi ƙasa da jaka uku ba, alhali tabkin Lagdo na kusa da mu. Dillalanmu suna cutar talaka, wannan ba ni da shakka a kai. Mai kwalekwale kuwa da ya ga na'urori sai ya yanka mana jaka goma sha biyar a yini. Mai masaukinmu ya ja shi gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, aka daidaita a jaka takwas har da yaro mai tuƙi.

Tabkin Maga ba halitta ba ne, an gina shi a 1979 da doguwar madatsa mai tsawon kilomita 27 domin shayar da gonakin SEMRY, kamfanin gwamnati mai noman shinkafa. Muka shiga da sassafe, hazon hunturu ya rufe ɗaya gaɓar, yaron yana ta kauce wa inda dorina ke kwana. A wani lungu mai ciyawa Kawu ya kifa babban mazurari cikin ruwa, da kwalba cike da ruwa a kansa, ya ce wa yaron ya caka gora cikin taɓo. Kumfa ta taso tana ɓulɓul, tana korar ruwan kwalbar kaɗan-kaɗan har ta maye gurbinsa. Ya ce, "Ɗana, miƙo ashana." Yana buɗe bakin kwalbar sai wata wuta shuɗiya ta yi tsalle, ta ci na ɗan lokaci ta mutu. Tsigar jikina ta tashi, domin ban taɓa zaton wuta za ta fito daga ƙarƙashin ruwa ba. Tsohon masuncin bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce su sun daɗe da sanin cewa taɓo yana gyatsa, musamman idan ruwa ya fara janyewa, har ya nuna wa Kawu wurare uku da suka fi kumfa. Kawu ya rubuta su duka, yana ce masa "Baba" cikin ladabi. Ya kuma gaya mana cewa da irin wannan dabarar Bature ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya gano metan a 1776 a fadamar tabkin Majore.

Abin da Kawu ke nema ya wuce wannan kumfa. Metan ɗin taɓo ƙananan halittu ne ke samar da shi idan ciyawa ta ruɓe inda iska ba ta shiga, amma akwai wani wanda ke tasowa daga zurfin ƙasa ta tsagogin dutse, daga inda man fetur da gas suke kwance, kuma ana bambance su a ɗakin gwaji ta nauyin kabon da ke cikinsu. Tunda an samu mai a Doba da gas a Sedigi a Cadi, yana so ya san ko akwai na zurfin da ke ɓullowa a wannan kwari na kogin Logon. Masana ma ba su daidaita ba: wasu sun ƙiyasta irin wannan metan a tan miliyan 40 zuwa 60 a shekara a duniya duka, masu nazarin iskar da ta maƙale cikin tsohuwar ƙanƙara kuma suka ce bai wuce 'yan miliyoyi kaɗan ba. Ina ganin abin takaici ne a yi ta wannan muhawara alhali wuraren da aka auna a ƙasashenmu ƙalilan ne, kuma mutum ɗaya da akwatinsa ke yawo a motar haya yana cike giɓin.

Rana ta uku muka auna a gonakin shinkafa, ta huɗu muka leƙa Pus muka tsaya a bakin Logon muna hango Cadi. Muka kwana a Marwa, muka kamo hanyar gida da kwalabe 48 a akwatin sanyi bisa cinyata, da ƙullin busasshen kifi da mai masaukinmu ya ce in kai wa Inna. Sakamakon gwajin sai bayan wata uku.