Yadda Na Shirya wa Yarana Makwanci a Cikin Bas

Motar da ake kwana a cikinta ba abu ne da muka saba gani a Kaduna ba, shi ya sa lokacin da na fara cire kujerun baya na tsohuwar Toyota Hiace ɗina mai dogon rufi, maƙwabta suka ɗauka zan mayar da ita ta dakon kaya ne. Larura ce ta sa ni. Muna da yara huɗu, babban namiji mai shekara 11, mata biyu masu shekara 8 da 4, sai jaririya da ba ta cika shekara ba, kuma duk lokacin da biki ko hutu ya kai mu Zariya ko Jos ko Bauchi, sai mu tarar gidan 'yan'uwa ya cika maƙil, kuɗin ɗaki biyu a masauki kuwa ya fi ƙarfin ma'aikaci.

Tsare-tsaren Turawa da na duba a intanet kusan duk a kan hana sanyi shiga suke, domin da shi suke fama. Mu namu ya sha bamban. Zafi muke da shi, da sauro, da ƙurar hunturu, kuma hanyar da za a bi a kare ɗaya takan jawo ɗaya: a rufe taga saboda sauro, iska ta yanke. Ganina shi ne, gado shi ne mafi sauƙi a cikin aikin nan, abin da ke cin tunani shi ne iskar da yara za su shaƙa har gari ya waye.

Duk da haka da gadon na fara. Na kai motar kasuwar Panteka da ke Kaduna, inda wani mai walda ya haɗa mini gado mai hawa biyu da bututun ƙarfe, a gicciye daga can baya, tunda faɗin cikin motar bai kai tsawon babban mutum ba amma ya ishi yaro ya miƙe. An ɗaure ƙafafun da noti a ƙasan motar, ba ajiyewa kawai aka yi ba. Inda muka ɗan ja da shi shi ne shingen gadon sama. Ya ce, "Alhaji, sanda ɗaya ma ta isa, ai yaro ba buhu ba ne da zai gangaro." Na ce masa, "Malam, faɗowar da sauƙi, maƙalewar nake tsoro." Hukumar da ke kula da ingancin kayan masarufi a Amurka ta ƙayyade cewa shingen gadon sama ya ɗara saman katifa da aƙalla inci 5, kuma kada wata kafa a jikinsa ta kai inci 3.5, saboda jikin yaro yana iya zamewa ta ramin da kansa ba zai wuce ba, ya rataye ta wuya. Da tef ɗin awo a hannuna muka bi kafa ɗaya bayan ɗaya. Ya goge kowane baki mai kaifi, uwargida kuma ta naɗe sandunan da soso da yadi.

Rabon wuri bai ba mu wahala ba. Likitocin yara ba su yarda wanda bai kai shekara 6 ba ya kwana a gadon sama, kuma addini ya umurci a raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10, saboda haka babban ya hau sama shi kaɗai, ƙannensa mata suka kwanta a gadon ƙasa. Katifun an yanko su daidai da gadon daga soso mai tauri, ba tare da an bar rata tsakaninsu da bangon mota ba, an kuma huda katakon da ke ƙarƙashinsu domin gumi ya riƙa bushewa.

Jaririyar tana da nata ɗan gado a gefen mahaifiyarta, mai sanduna da tazararsu ba ta wuce santimita 6 ba. A rigingine ake kwantar da ita, a kan shimfiɗa mai tauri, babu matashi, babu bargo mai nauyi. Kakarta ta yi ƙorafi cewa mun bar yarinya a kan katako, amma laushin da babba yake jin daɗinsa shi ne yake toshe wa jariri hanci. Wannan kuma yana nufin sai an nemi wuri mai daidaito kafin a tsayar da mota, domin idan ta karkata, jaririya za ta mirgina ta manne da gefe.

Mutum shida a cikin akwatin ƙarfe suna cinye iska da wuri. Na sa aka yi wa tagogin gefe biyu raga mai ƙananan idanu a cikin firam, yadda za a bar su a buɗe duk dare, sannan aka huda rufin aka sa fanka mai zuƙe iska zuwa waje. Tana aiki da batir mai bolt 12 na daban wanda sola ke cikawa, don kada a wayi gari motar ta ƙi tashi. Abin da na fi tsananta wa kowa a kai shi ne hayaƙi. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari, ba ta da launi, tana fita daga salansar mota da janareta da garwashin gawayi, kuma mai barci ba ya farkawa ya ce kansa na ciwo. A unguwanninmu an sha jin labarin iyalin da suka kwana da janareta a ɗaki aka tarar da su da safe. Don haka ba a barin inji a kunne saboda na'urar sanyaya iska, ba a shigo da kurfoti ko risho don jin ɗumi, tukunyar gas a waje take kwana, kuma ba na tsayawa kusa da janaretan wani. Na sayi ƙaramar na'ura mai ƙara idan ta ji wannan iskar, na maƙala ta kusa da kan yaran, ina gwada maɓallinta kafin kowace tafiya.

Ragar taga ba ta hana ni ɗaura gidan sauro mai magani ba, tunda sauro yana shigowa duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Tela ya rage shi daidai da kowane gado, ana cusa gefensa a ƙarƙashin katifa, igiyoyin kuma an gajarta su yadda ƙaramar ba za ta ja ta naɗe wuya ba. Maganin sauro na kunnawa ba ya shiga motar.

A watannin Maris da Afrilu mun daina kwana a ciki gaba ɗaya, sai dai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Zafin cikin mota da ke tsaye a rana yana iya ƙaruwa da kusan digiri 11 a ma'aunin Celsius cikin minti 10, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi ninki 3 zuwa 5 fiye da na babba. Ko barcin rana ne, ba a barin yaro a ciki shi kaɗai. Da hunturu kuwa, musamman a Jos cikin Disamba, rigar sanyi da safa ake ƙara musu, taga tana nan a ɗan buɗe. Da asuba za ka ga raɓar numfashi tana tsiyaya a gilashi, alamar cewa ko a sanyi iskar tana bukatar mafita.

Yaran sun so a bar su su kwanta a gado yayin da motar ke tafiya, ban yarda ba. Layin kujeru masu bel yana nan ban taɓa shi ba, kowa a zaune a ɗaure, jaririya a kujerarta ta mota, domin birki ɗaya a hanyar Saminaka ya isa ya jefo mai barci daga sama. Tafiyar dare ma ba ma yi, kuma ba ma kwana a bakin titi, sai a harabar gidan dangi ko wurin da ke da maigadi. Kafin a kwanta nakan cire makullin yara na ƙofar gefe, wanda ake sawa lokacin tafiya, in kawar da takalma da jakunkuna daga hanya, in ajiye tocila da tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai. Babban yaron da mai bi masa na koya musu buɗe ƙofar daga ciki a cikin duhu, kuma nakan sa su maimaita duk lokacin da muka sauka a sabon wuri.